Almakashin Inna da Hannun Ladan

Sharada, Kano

Ummi 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Haɗeja lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronsa. Ina rubutun ne kina ɗaki kina cusa kaya a akwati, ina jiyo ku ke da ƙanwarki Sadiya kuna gardama a kan caja. Zan ba mamanki ta saka miki a ƙasan kaya, don ki karanta a inda ba za ki ga fuskata ba.

A naɗe cikin takardar akwai wani tsohon almakashi mai lanƙwasasshen baki, irin na yanka bandeji. Na Inna ne, mahaifiyata, wadda kika ci sunanta. Sau biyu kina roƙona shi tun da kika gama makarantar koyon jinya, sau biyun ina cewa sai na duba. Na san inda yake. Abin da ya hana ni shi ne ban ga yadda zan miƙa miki shi in ɓoye yadda aka yi ya baro wurin aikinsa ba. A gidan nan an saba cewa Inna gajiya ta yi ta ajiye aikin kamfani. Ba gajiya ba ce. Ni ne sanadi. Na yi shekaru ina rubuta kuskuren mutane a jarida, nawa ne kawai ban taɓa ɗora wa biro ba.

Hirarmu ta ranar Juma'a ce ta sa na daina jinkiri. Muna cin abincin rana kika ba mu labarin wata mata da kuka karɓa lokacin kina koyon aiki, wadda man bilicin ya ƙona wa wuya, ita kuma ta dage wai mai ne ya fallatso mata daga kasko. Kika kwaikwayi muryarta har Sadiya ta ƙware. Kika ce mai wushirya ce, tana suya a ƙofar wata firamare. Mamanki ta ajiye cokali ta ce ai wannan mai awarar bakin titinmu ce. Kika ce, "Ni dai ban faɗi suna ba." Ni kuma maimakon in tsawatar, dariya na yi, har na tambaye ki me mijinta ya ce. Sai da na fita la'asar maganar ta dawo mini, domin kalmomin nan naki, ba ragi ba ƙari, na taɓa faɗa wa Inna su.

Kina 'yar shekara shida ta rasu, abin da kika sani nata kaɗan ne: tsohuwa mai farin hijabi da dabino a jaka. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Bompai. A can ita ma ta fara aiki, a ɗan kilinik ɗin kamfanin, tana cire wa mutane ƙurar auduga daga ido, tana ɗinke yatsun da inji ya taɓa. Ya rasu ina firamare, ya bar ta da mu huɗu. Da masaƙar ta fara rage mutane sai ta koma wani kamfanin jimar fata a Challawa. Ba zan faɗi sunansa ba. Ya daɗe da rufewa, kuma waɗanda za su ji kunya suna da jikoki.

Ranarta ba ta canzawa. Bayan asuba ta karanta izunta, ta goge farar rigarta da dutsen guga na gawayi, ta ɗora hijabi har ƙasa, ta fita ta tari motar ma'aikata. Kilinik ɗin ɗaki ɗaya ne kusa da babbar ƙofa: gado, kabad, risho na tafasa kayan aiki, sai buta da darduma a bayan kabad. Likita sau ɗaya yake leƙowa a mako. Sauran kwanakin ita ce komai. Sista suke ce mata, har waɗanda suka isa haihuwarta. Tana azumin Litinin da Alhamis, amma ranar da za a yi wa ma'aikata allura ba ta ɗauka. Ta ce yunwa na sa hannunta rawa, kuma wanda za ta soka ba shi ya yi niyyar azumin ba. Wata rana inji ya kama hannun wani ana kiran azahar, ba ta sami yin sallar ba sai gab da la'asar, bayan ta raka shi asibiti. Wani akawu ya yi mata tsiya, wai ashe Hajiya ma tana makara. Ta ce masa wanda take yi wa sallar ya ga inda take.

Kuskurena na farko da ita na ƙuruciya ne, amma har yau yana yi mini ciwo. Wanda bai taɓa shiga majema ba bai san warin ɗanyar fata da sinadari ba. Yana kama tufa, yana kama gashi. Ina makarantar kwana, ranar ziyara ta taho kai tsaye daga aiki da kwanon dambu a hannu. 'Yan ɗakinmu suka riƙa toshe hanci a bayanta. Da zan raka ta na ce, in ba damuwa, nan gaba ta riƙa biyawa gida tukuna. Ta dube ni ta ce to. Kuma ta cika. Daga Challawa ta koma Sharada, ta yi wanka, ta sake kaya, ta hau mota biyu. Duk ziyarar da ta biyo baya tana isowa ana shirin rufe ƙofa. Ta miƙa mini kwano, ta tambayi lafiyata, mai gadi ya ce lokaci ya yi. Na sami uwa mai ƙamshin turare ta minti goma, na rasa mai warin jima ta awa biyu.

Aikin da kika zaɓa yana da wari, Ummi. Kar ki ji kunyarsa a jikinki, kuma kar ki bari mara lafiya ya ga nasa a fuskarki. Inna ba ta taɓa toshe hanci a gaban mutum ba. In ta san ciwon ya ruɓe, sai ta zaga bayan kabad ta shafa ɗan man zafi a ƙasan hancinta, ta fito tana tambayarsa iyali.

Ciwon da ya fi yawa a majema na hannu ne. Ruwan da ake jiƙa fata a ciki yana cin naman mutum. Safar hannu ta roba takan yage, kafin a ba da wata an daɗe, sai ruwan ya sami 'yar tsaga a yatsa ya haƙa rami ƙarami mai zurfi wanda ba ya saurin warkewa. Inna takan wanke ciwo da safe ta ɗaure, amma kafin la'asar sai ta ga bandejin a jiƙe, a karkace, ko ma yana aljihu. Likita ya ce taurin kai ne da jahilci. Ita ba ta yarda ba. Wata rana da aka busa jiniyar hutun rana sai ta zauna a bakin taga tana kallon famfon masallacin kamfanin. Ta ga kowa ya tsuguna, ya kwance ɗaurin a hankali, ya yi alwala ya cuɗa ruwan tanki har cikin ramin ciwon, sannan ya mayar da bandejin da ya ajiye a kan siminti. Ba raina maganinta suke yi ba. Tsoro suke kar su yi salla ba tsarki.

Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta je wurin malaminsu na Islamiyyar matan aure ta tambayi hukuncin, ta sake tambaya, har ta tabbata mai rauni yana iya shafa jiƙaƙƙen hannu a kan ɗauri, alwalarsa ta yi. Amma ta san mutanenta. Magidanta ba za su karɓi fatawa daga bakin mace mai farar hula ba. Sai ta nufi ladaninsu, Malam Isiyaku, mutumin wani ƙauye a bakin kogin Challawa, mai aikin kankare fata, wanda hannunsa na hagu ya fi na kowa lalacewa. Ta faɗa masa abin da ta jiyo.

Ya ce, "Sista, allura taku ce, ba mu musu. Amma alwala ai sai ku bar mana."

Ta ce, "Na bar muku, Malam. Ku tambayi duk malamin da kuka yarda da shi. In ya ce na yi kuskure, ni da kaina zan riƙa kwance muku."

Bayan kwana uku ya dawo yana sosa ƙeya. Ran nan da azahar ya tsuguna a tsakiyar mutane, ya shafa hannu a kan bandejinsa kowa na gani, ya miƙe ya kira salla. Aka yi ta gunaguni kwana biyu, sannan aka bi shi. Ciwukan da suka yi watanni suna ruwa suka fara kamewa.

Lokacin ina jami'a, na karanta littattafai a kan haƙƙin ma'aikata, ina jin ba wanda ya kai ni fahimta. Na ce mata wannan duk faci ne. Maganin abin shi ne a tilasta wa kamfani ya ba da safar hannu, ita kuwa taya su rufa asiri take yi. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce takardar neman safar hannu ta rubuta ta fi a ƙirga, kullum ana cewa ana dubawa, kuma gobe ma za ta sake rubutawa. Sannan ta ce, "Amma kafin su gama dubawa, Malam, da hannun nan mutum zai ci tuwo yau." Malam take ce mini, saboda ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.

Ba ƙarya na faɗa ba, safar ita ce maganin. Kuskurena shi ne na raina abin da za a iya yi yau don ina hangen wanda ya fi shi. Za ki haɗu da masu ƙin shan magani, da masu kwance ɗauri, da masu gudu kafin a sallame su. Kafin ki rubuta cewa mutum ba ya jin magana, nemi taki tagar ki zauna ki ga abin da yake tsoro. Sau da yawa abin da yake karewa ya fi masa lafiyarsa daraja, kuma in kin girmama abin, zai ba ki hannunsa.

Yanzu ga babban.

Yawancin masu aikin ruwa a kamfanin na wucin gadi ne. Kowace safiya helma, shugaban leburori, ke zaɓarsu a bakin ƙofa. Ɗaurin hannu ba abin kallo ba ne a majema, kusan kowa na da shi. Littafin kilinik ne ke nuna wanda nasa ya ƙi warkewa, kuma wanda sunansa ya yawaita a ciki, wata safiya sai helma ya tsallake shi. Saboda haka masu ciwo mai tsanani suka daina zuwa. Da Inna ta gane, sai ta ajiye benci a zauren gidan nan. Bayan la'asar mutum zai yi sallama kamar ya zo gaisuwa, ta fito da tasa da ruwan ɗumi, ta zaro almakashin nan daga aljihu. Audugar da bandejin nata ne, ko ƙwayar magani ba ta taɓa ɗaukowa daga kamfani ba. Kin san yadda mutum yake in ana wanke masa ciwo: ya kawar da kai, bakinsa ya buɗe. A bencin nan ta ji abubuwan da matan mutanen ba su sani ba.

Na fara aikin jarida ke nan, ina neman labarin da zai sa a san da ni. Editanmu, Allah ya jiƙansa, ya koya mana cewa mai karatu ba ya gaskata ka in ka ce ma'aikata na shan wahala. Nuna masa mutum ɗaya da abin da ke hannunsa. Darasi ne mai kyau, har yau ina koyar da shi. Wata yamma ina lungun zaure ina gyara rubutu, Malam Isiyaku ya shigo. Sun saba ganina, ba sa ƙirga ni. Tana wanke masa hannu ya ce mata, a hankali, yatsunsa uku na hagu sun daina damƙa. Wata biyu ke nan yana ɗaure ƙotar wuƙar aiki a tafinsa da tsumma, ya ɗora safa a kai don kar a gani. Ya ce ko iyalinsa bai faɗa wa ba.

Na rubuta a bayan takardar da ke cinyata.

Ban tambaye shi ba, ban tambaye ta ba. Na zaga na yi hira da wasu a ƙofar kamfanoni a Challawa da Sharada, na nemi jin ta bakin manaja ya ƙi ganina, na haɗa rahoto mai tsabta, ba kuskure ko ɗaya a ciki. Na buɗe shi da wani ma'aikaci da na ce mun sakaya sunansa, mutumin da muryarsa ke kiran 'yan uwansa salla kullum da azahar, alhali da tsumma yake ɗaure wuƙa a hannunsa. A ƙasa kuma, don alfahari, na ambaci wata ma'aikaciyar jinya da ke duba su a ɓoye a gidanta. Edita ya karanta ya bugi tebur, ya ce yau na zama ɗan jarida.

Kwana biyu da fitowar jaridar manaja ya kira Malam Isiyaku ofis, ya ajiye kofi a kan tebur ya ce ya ɗauka da hagu. Bai iya ba. A ranar aka sallame shi. Aka kira Inna aka ce ta kawo sunayen masu zuwa gidanta. Ta ce wanda ya zo kilinik yana cikin littafinsu, wanda ya zo gidanta baƙonta ne. Aka ba ta mako guda ta yi tunani.

Ta dawo gida, ta yi la'asar, ta daɗe a kan darduma. Sannan na ji an ce, "Sulaimanu." Na waiga ina neman mai kirana, don ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Jaridar na gabanta a ninke. Na riga ta magana.

Na ce, "Inna, ban faɗi suna ba."

Ta ce, "Ladan nawa ne a masallacin?"

Ɗaya ne tak, kuma na sani.

"Ka tambaye shi?"

Na ce a'a, amma duk abin da na rubuta gaskiya ne, kuma don su na yi.

Ta ce, "Gaskiya ce. Amma ba taka ba ce. Ni ya ba ajiya, hannunsa na cikin nawa. Kai ka ɗauka a zaurena ka kai kasuwa."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ƙara ko kalma ba. Ta tashi ta ɗora girki.

Makon da aka ba ta, ba tunani ta yi da shi ba. Duk wanda ya shigo kilinik sai ta koya masa yadda zai wanke ciwonsa ya ɗaure da hannu ɗaya da haƙori. Ranar ƙarshe ta share ɗakin, ta miƙa mabuɗi, ta ɗauko butarta da dardumarta da almakashin nan, wanda ta saya tun tana ɗaliba.

Don adalci, rahoton ya yi aiki. Jami'ai sun je, an raba sababbin safar hannu, aka ci gaba da rabawa na wani lokaci. Shekaru na riƙe wannan a matsayin hujjata. Amma tun a lokacin na san rahoton zai yi aikin nan ko babu ladan a ciki. Na saka shi ne don rubutun ya yi daɗi.

Rasa aikin bai dame ta kamar zauren ba. Mutanen suka ɗauke ƙafa. A ganinsu abin da aka faɗa wa Sista ya fito a jarida, kuma ɗanta ne ya rubuta. Wa zai ce ba da saninta ba? Ba ta taɓa wanke kanta da ɗora mini laifin ba. Kullum bayan la'asar sai ta tafasa almakashi, ta ɗumama ruwa, ta kakkaɓe benci, ta zauna da carbinta har a kira magariba, sannan ta zubar da ruwan. Nakan dawo daga aiki in tarar da ita haka, in wuce ciki da sauri.

Ummi, ba suna kaɗai ke nuna mutum ba. Wushirya tana nunawa, sana'a tana nunawa, unguwa, yawan 'ya'ya, gefen zanin da ya fito a hoton waya. Garin da za ki bai kai Kano girma ba. Can in kika ce wani direba, kin gama faɗa. Kuma kar kyakkyawar niyya ta yaudare ki, wai don faɗakarwa kike yi. In kin ga ɓarna a wurin aiki ki faɗa, ki rubuta, ki sake rubutawa kamar yadda ta yi, da sunanki a ƙasa. Sunanki da aikinki naki ne, kina iya sa su a gaba. Na mara lafiya ba naki ba ne.

Yadda na so in gyara ma kuskure ne. Na kasa haɗa ido da Malam Isiyaku, sai na bi ta hannun wani abokina na samo masa aikin gadi a wani sito a Dakata, na aika masa saƙo. Ya aiko da godiya, ya ce ba ya so. Na kawo wa Inna ƙara, na ce mutumin nan girman kai gare shi. Ta ce, "Da ka ji sirrinsa, aike ka yi?" Ta ce in shirya ranar Asabar.

Muka hau mota zuwa Panshekara, muka ƙarasa da ƙafa. Muka same shi a ƙofar gida yana ƙoƙarin tufka igiya da hannu ɗaya da babban yatsan ƙafa. Ya tarbi Inna kamar ba abin da ya faru. Ta zauna ta yanke tsohon ɗaurin, ta miƙo mini buta ta ce in zuba. Karo na farko ke nan da na kalli hannun da na rubuta labarinsa. A zaure ji kawai na yi, ban duba ba. Na karkata butar da yawa, ruwan na zuba a ƙasa.

Ya ce, "Ɗan jarida, zuba a hankali mana. Ko shi ma ruwan za a buga shi ne?"

Inna ta yi murmushi, ni na kasa. Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Da ka tambaye ni, wataƙila da na yarda. Na gaji da ɓoyon. Amma da na fara zuwa gida na faɗa da bakina. A teburin mai shayi aka karanta wa surukina, shi ya zo ya faɗa wa matata hannun mijinta ya mutu."

Sannan ya ce ya yafe albarkacin Sista, in ci gaba da zubawa, ruwan na hucewa.

Kowace Asabar muka riƙa zuwa har ciwon ya rufe. Yatsun ba su dawo ba. Ya koma noman rani da 'ya'yansa a bakin kogi, ya riƙe ladancin masallacin ƙauyensu har tsufa. Shi ya ba ni labarin alwalar, ba ita ba. Kafin ya rasu na nemi izininsa in faɗa wa 'ya'yana duk wannan. Ya ce in faɗa, amma kar in manta in ce muryarsa ta fi ta duk ladanan Challawa. To, na faɗa. In kin yi wa mutum laifi, kuma za ki yi, ki je da ƙafarki. Kar ki aika, kar ki lulluɓe laifin da alheri.

Sai da aka kusa shekara kafin wani ya sake yin sallama a zauren. Inna ta tashi ta ɗauko tasa kamar jiya ya zo. Ta sami aiki a wani ƙaramin asibitin haihuwa a nan Sharada, ta yi har ƙarfinta ya ƙare. A unguwar nan ita ake kira in haihuwa ta zo da gardama, ita ake kira wankan gawar mata, saboda an san abin da idonta ya gani a nan ya tsaya. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, halina ya motsa, na kawo rikoda na ce ta ba ni tarihinta. Ta ba ni na ƙuruciyarta, da na mahaifina, da na makarantar jinya, da na aikin Hajjinta har da wadda ta taka mata ƙafa a ɗawafi. Da na ce to marasa lafiyar fa, sai ta miƙa hannu ta danne maɓallin kashewa da kanta. Ta ce, "Malam, har yanzu?"

Ranar jana'izarta layin nan ya cika da mutanen da ban sani ba, daga Challawa, daga Bompai, daga ƙauyukan Jigawa, har da wanda ya iso daga Nijar bayan kwana uku. Na tsaya a ƙofar zaure ina karɓar gaisuwa. Hannu bayan hannu, sai in ji tabo a ƙarƙashin yatsuna, ƙananan ramuka da suka cike. Kowa abu ɗaya yake cewa: ta yi mini aiki. Ba wanda ya ƙara bayani, kuma na lura da yawansu suna mamakin ganin juna a wurin.

Game da mai awara, mamanki ta yi alkawarin maganar ba za ta fita ba, na kuma ja kunnen ƙannenki. Amma jiya na ga Sadiya a gaban kaskonta tana jira, idonta na kan wuyan matar. Ko ya kamata ki nemi yafiyarta, ko sanar da ita ƙara mata kunya kawai zai yi, na juya abin ban sami amsar da ta gamsar da ni ba. Ke kika ga fuskarta ran da ta zo muku, ke za ki yanke. Nawa laifin a ciki, dariyar da tambayar, na san shi.

Allah ya ba ki hannun Inna, na gani ran da kika ɗaure wa mamanki yankan wuƙa. Amma ido da baki nawa kika ɗauko, masu ganin abin ba da labari a ko'ina. Shi ya sa nake tsoro, shi ya sa kuma na haɗa miki almakashin da labarinsa. Bakinsa ya ɗan dakushe, kowane mai wasa wuƙa zai gyara miki.

Abu ɗaya nake roƙo. Za ki riƙa kirana, kuma na san kaina. Zan tambaye ki ya aiki, in kin ce lafiya zan ce ba wani abin mamaki da ya faru? Zan yi ta zagaye, na iya, sana'ata ce. Kar ki faɗa mini. Ki ba ni labarin zafin garin, da kifinsu, da tuwon da kika ƙona. In na matsa, ki ce, "Abba, har yanzu?" Zan gane.

Allah ya jiƙan Inna da Malam Isiyaku, ya haskaka kaburburansu. Ke kuma ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya sa waraka a hannunki, ya rufa miki asiri kamar yadda za ki rufa na bayinsa, ya dawo mana da ke lafiya. Ki riƙe salla, ki kira mamanki da kin sauka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Sulaiman